Shekarar da Inna Ta Bi Ruwa

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da ƙanena, kuma tun muna yara kowa a unguwarmu a Garwa ya san wane ne mai kai a cikinmu. Ni ne. Ni na riga shi sauke Alƙur'ani, ni na iya Faransancin da ake shiga ofis da shi ba a kore ka ba, ni Baba yake bar wa rumfar yadi in zai tafi masallaci. Shi kuwa in an aike shi sayen gishiri sai a tsince shi a bakin kogi ya saki baki yana kallon masunta suna ɗinkin koma, gishirin ya jiƙe a aljihu. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da na kwashe rabin rayuwata ina ƙyashinsa. Da wani gwani ne ya wuce ni, da na haƙura tuntuni.

Kakanmu daga Kano ya zo da jakuna yana fataucin kanwa da goro, ya ga Garwa ta yi masa, ya zauna. Ban da rumfar kasuwa, ƙasa biyu ya bari. Ɗaya karal ce. Kalmar Fulani ce, amma da ita muka tashi, ba mu da wata: baƙar ƙasa mai laka a kwarin Binuwai, wadda kogi ke hawowa ya kwanta a kanta in damina ta yi nisa. Sai ta sha ta ƙoshi ruwan ya janye, sannan a dasa muskuwari, wato dawar rani. Mutum ɗaya na gaba da ƙaton sanda mai tsini yana huda ƙasa, na bayansa yana zuba ruwa cikin ludayi a kowane rami, na ƙarshe yana saka dashe biyu-biyu. Daga nan an gama. Ba ka ƙara ba ta ko ɗigo, da damshin da kogi ya bari da raɓar sanyi za ta rayu har ta fid da kai. Lokacin da rumbunan masu noman damina suka fara yin ƙasa, lokacin muke yankan tamu.

Ɗaya ƙasar kuwa kunya ce a kira ta gona. Fako ne can sama wajen Lagdo, inda kakanmu ke yada zango da jakunansa, jauron wurin, wato mai garin, ya ba shi don babu mai so. Ƙaya ce da tsakuwa da gidajen tururuwa. Baba ya taɓa shuka gero a wurin, ko irin bai mayar ba.

Da Baba ya rasu aka yi sadakar arba'in, Baffa, ƙanen Baba, ya tara mu a zaure shi da liman. Liman ya yi rabonsa bisa shari'a, aka fitar wa Inna da 'yan'uwanmu mata nasu, aka zo kan ƙasa. Aka ce ba a tsaga karal, mutum ɗaya zai ɗauka, wanda ya tashi da fako kuma a haɗa masa da 'yan shanun Baba da kekensa don rabo ya daidaita. A nan ne Baffa ya kawo wata al'ada wadda ba ta cikin littafin liman.

Ya ce, "A gidan nan uwa rumbu take bi. Wanda ya ɗauki karal shi ya ɗauki tsohuwa, haka aka yi da kakarku." Ya juyo wurina. "Kai ne babba, zaɓi."

Na sunkuyar da kai kamar mai nazari, don kada a ce na yi zalama, amma kowa a zauren ya san amsar. Na ɗauki karal. Ƙanena bai nuna komai ba, cewa kawai ya yi, "To, Yaya, Allah ya sa albarka." Bayan 'yan watanni ya kora shanunsa ya tafi fakon nan da amaryarsa, ya kafa bukka. Muka yi ta tausaya masa a bayan ido. Ni har turmin atamfa na aika wa matarsa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ba don dawar kawai ba. Inna tana gidana. Ɗakinta yana kallon rumbu, kullum da safe ita take auna wa matata abin da za a daka. Duk wanda zai gaishe ta sai ya yi sallama a ƙofata. Ranar Sallah ƙanena yakan zo a kan keken nan, ƙafarsa fari fat da tsagewa, ya durƙusa a tsakar gidana ya gaida uwarsa, sannan ya gaishe ni. Ina ba shi mudun dawa ya ɗaure a bayan keke, ina yi masa nasiha a kan ya dawo gari ya koyi sana'a. Lokacin dashe kuma Inna ba ta zama a gida. Takan bi mu karal ta zauna a inuwa tana tsinke saiwar dashe tana rage masa ganye, tana yi wa 'yan ƙodago faɗa cikin Fulatanci in sun yi rami bai kai ba. Da yamma mu dawo tare, ƙafafunta duk laka, mutane na yi mata sannu da aiki, ni kuma ina baya ina amsa rabin gaisuwar.

Sai aka fara maganar baraj, wato madatsar ruwa, wai za a tare Binuwai tsakanin duwatsun Lagdo. A majalisarmu ta bakin masallaci dariya muka fara yi. Wani tsoho ya ce kogi ba akuya ba ne da za a ɗaure shi a turke. Da muka ga manyan motoci sun yi ta wucewa da siminti da ƙarafa, sai muka sauya magana, muka ce ai mu kakarmu ta yanke saƙa. A tunaninmu tara ruwa kamar cika randa ne, wanda ke kusa da randa shi zai fi sha, mu kuma masu karal wa ya fi mu kusa da kogi? Babu ɗayanmu da ya tsaya ya tuna cewa ba kogin ne ke ciyar da mu ba, haukarsa ce. Ambaliyar da yake yi ita ce abincinmu, su kuwa masu baraj aikinsu ke nan su hana shi hauka.

Wutar lantarki ce ta fara isowa, kuma ban yi ƙasa a gwiwa ba, ɗakin Inna na fara sa wa ƙwan fitila. Daminar da ta biyo baya muka zauna jiran ruwa ya hau. Akwai wata giyayya a gefen karal ɗinmu, in ruwa ya rufe saiwoyinta mun san ƙasa za ta ƙoshi. Shekarar nan ruwa ya zo ya leƙa daga nesa ya koma. Muka ce fari ne, Allah ya kawo mai albarka. Ta gaba ma haka. Muka dasa duk da haka, sandan tsini yana dukan ƙasa yana dawowa, sai mun jiƙa wurin kafin ya shiga. Dawar ta tsiro ta kai gwiwa, ta yi ja, ta tsaya. Wata shekarar in sama ta yi ruwa sosai mukan ɗan samu, amma rumbun da yake kai mu shekara ya koma ba ya kai mu azumi.

A cikin wannan halin ne, wata rana da tsakar rani, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ƙanena ne. Keken Baba ya tafi, ga babur ja, an ɗaure buhu a baya, ga kwandon albasa a gaba har yana tare masa gani. Ya sauke buhun a tsakar gida ya kwance bakinsa.

Ya ce, "Shinkafa ce, Yaya. Ta gonata."

Na ce, "Wace gonar?"

"Ai kanal ɗin da ke kawo ruwan baraj ya bi ta bakin bukkata. Da suka zo awo suka tarar ina zaune a wurin, jauro ya yi min shaida, aka ba ni parsel, yankin gona mai shan ruwan. Sau biyu muke girbi a shekara. Wannan ta rani ce."

Ya faɗi maganar kamar mai ba da labarin akuyarsa ta haihu. Na tsugunna na damƙi shinkafar, na murza, na shinshina, ina neman aibu. Babu. Na ce masa madalla. A ranar na san ƙyashi ciwo ne na jiki, domin abu ne ya tsaya min a ƙahon zuci, na sha ruwa bai wuce ba. Fakon da na tsallake da ƙafata, mutumin da ko canjin kuɗi bai iya ba, su ne ruwa ya bi ya tarar har gida. Bai nema ba, bai yi dabara ba, zama kawai ya yi kamar yadda ya saba zama, ya saki baki, kogin da aka ƙwace mini ya je ya same shi.

Da aka dafa shinkafar na ce tana da tsakuwa. Matata, wadda bakinta ba ya ajiya, ta ɗauki kwanon ta duba cikinsa ta ce, "Lallai kam, maigida, ka yi fama. Har tsakuwar ka cinye."

Daga nan labarinsa ya zama abincin majalisa. Wannan ya ce ya ga ya rushe bukka ya yi gini da simintin garin Figil. Wancan ya ce 'yan Najeriya har gona suke bin albasarsa da mota. Kowa ya faɗa sai ya kalle ni ya ce, "Ai ɗan'uwa rabin jiki, ka ji daɗi." Ni kuma in ce alhamdulillahi, in tashi in ce zan kama alwala. Na san karin maganar nan cewa hassada ga mai rabo taki ce, kuma in gaskiya ne, to ni na yi wa gonar nan takin da babu kamfanin da ya yi mata. Ya yi ta gayyatata in je in gani, ina ce masa rumfa ba ta da mai tsaro.

Abu ɗaya ya rage mini, kuma na riƙe shi da hannu biyu: Inna ba ta cin shinkafa. Takan ce abincin baƙi ne, ka ci ka yi hamma ya tafi. Ita tuwon muskuwari da miyar kuka, shi ke nan. Saboda haka na shiga sayen dawa daga motocin da ke zuwa daga wajen Marwa, inda karal ɗinsu ruwan sama take sha ba na kogi ba, in juye a rumbu. Ban ɓoye ba, kuma ko na ɓoye aikin banza ne. Inna takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna ta ce, "Wannan ta Marwa ce." Ba ta ƙara komai, ta ci gaba da awonta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na lura ta fara yin shiru. Lokacin dashe ya zo ya wuce ba mu fita ba, don na daina zuba ƙarfina a ƙasar da ba ta amsawa. Takan wuni a ƙofar ɗaki tana jan carbi, tana korar kaji. Ba ta rasa komai ba, Allah shaida ne. Zani, goro, man zafi, maganin lopital, wato na asibiti, duk abin da ta ambata kafin la'asar yana gabanta. Na ɗauka tsufa ne ya zo.

Wata Sallah ƙanena ya raka ni zaure ya ce, "Yaya, pardon, don Allah, da ka bar Inna ta zo ta ga wurin, ko na kwana kaɗan."

Na ce, "Ka manta abin da aka faɗa a zauren nan? Uwa rumbu take bi. Ga rumbu can."

Ya waiwaya ya kalli rumbun, ya kalli buhunan Marwa da aka jingine a gindinsa. Kallon nan ya ƙona mini rai har na kai ƙara wurin Baffa, wanda a lokacin ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai. Na ce masa yaron nan ya samu abin duniya yana so ya raba ni da uwata. Baffa ya gama saurare yana gurza goronsa, sannan ya ce, "Ɗana, al'adar nan don kada tsohuwa ta kwana da yunwa aka yi ta. Ba rawani ba ce aka naɗa maka." Na tashi ban ko yi masa sallama da kyau ba.

Abin da roƙo bai yi ba, haihuwa ta yi. Matar ƙanena ta haifi mace, aka aiko cewa sunan Inna za a sa mata. Babu ɗan halak da zai hana uwa zuwa sunan takwararta. Na ce to, amma ni zan kai ta, ni zan dawo da ita. Ta ɗaure zannuwa kaɗan a ɗankwali, muka shiga motar haya a tasha.

Bazara ce, irin zafin Garwa da ke sa mutum ya tsani rigarsa. Hanya duk ƙasa ja, itatuwa tsirara, shanu ana ƙirga haƙarƙarinsu. Inna tana gyangyaɗi a kafaɗata. Muka sauka daga kan kwalta, muka hau wani ɗan tudu, motar ta gangara, sai ga kore. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka: kore, iya ganinka. Shinkafa fili bayan fili, ruwa na ƙyalli a tsakani, balbelu farare suna tafiya a ciki, mata sun sunkuya suna cira, can gefe albasa da masara, har da ayaba. A watan da ko ɗan tsako ba ya samun ciyawa. Gani ya kori ji, kuma ni da an bar ni da jin da ya fi mini.

Inna ta farka. Sai ta dafa kujerar direba ta ce ya tsaya. Na ce mata ba mu iso ba. Ta ce ta sani. Ta sauka, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta taka har bakin kanal, ta zauna a kan simintin ta zura ƙafafunta cikin ruwa. Fasinjoji suna dariya, direba yana cewa, "Mama, on y va, mu tafi, rana tana yi." Ta ɗebi ruwan ta wanke fuska, ta ce, ba da kowa take ba, "Ashe nan ka zo." Da kogin take magana. Ni ina tsaye a bayanta da ɗaurin kayanta, kuma tunda muka fito daga gida ba ta kalle ni da irin wannan fuskar ba.

Aka yi suna, aka yanka rago. Maƙwabtansa mutane ne daga ko'ina, waɗanda suka sauko daga duwatsun arewa, masunta, Fulanin da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, kowa na kiransa patron, wato maigida. Ya zaga da ni gonar yana nuna mini yadda ake buɗe 'yar ƙofar ƙarfe ruwa ya shiga, yadda kowa ke da ranarsa ta ruwa. Ni kuma ina tattara aibobi kamar mai tsintar ƙwaya. Kuma na samu, ba ƙarya ba. Sauron wurin ko da rana ba ya hutu. Yara da yawa suna fama da tsargiya saboda wasa a ruwa. Sai an ce maka shuka za ka shuka, sai an ce maka yanke za ka yanke, in na sama da kai ya riƙe ruwa sai ku kwana kuna rigima. Tsuntsaye kuma sai an wuni ana yi musu ihu. Duk na lissafa masa, ya ce, "Wallahi haka ne, Yaya," yana murmushi. Mutumin da ba ya musu ba a jin daɗin cin nasara a kansa.

Da na ce wa Inna ta shirya mu tafi, sai ta ce mai jego ba ta da kowa a kusa, wa zai tsaya mata a kan wankan ruwan zafi da kunun kanwa? Za ta zauna har a yi arba'in. Na dawo ni kaɗai.

Aka yi arba'in. Na aika, aka ce tana jiran a cire albasa. Aka cire albasa, aka ce damina ta shigo, hanya ta lalace, ƙashinta ba zai jure jijjiga ba. Damina ta wuce, aka ce jaririya ta fara haƙori. A tsakanin nan ne aka kawo mini wani ƙullin busasshiyar kuɓewa da barkono, wai in ji Inna, na gonarta ne. Ashe ƙanena ya yankar mata wani ɗan zirin ƙasa a bakin ruwa, ta shuka yakuwa da lalo da kuɓewa. Matata ta yi miya da ita. Wannan karon ban ce tana da tsakuwa ba, ban dai iya ci ba.

Duk da haka ina da abin da nake faɗa wa kaina. Kayanta suna gidana. Gadonta, butarta, adudun da take ajiye zannuwanta, duk suna nan. Na sa ana share ɗakin kullum, ana kunna turare. Duk wanda ya tambaya sai in ce ta je ganin jika. Baƙo dai baƙo ne ko ya shekara.

Wata safiya ƙanena ya zo shi kaɗai, babu buhu, babu kwando. Muka zauna a zaure. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi yara, ya yi maganar tsadar taki, ya sake tambayar kasuwa. Aka kawo kunu ya sha, aka kawo ruwa ya sha. Har rana ta ɗaga yana jujjuya makullin babur a hannu.

Na ce, "In da magana ka faɗa, ina da rumfa."

Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Inna ce ta ce a kai mata ƙullin da ke ƙasan adudu."

Ban tambaye shi wane ƙulli ba. Likkafaninta ne. Farin yadi ne da ta saya da ribar ƙuli-ƙulinta tun Baba na da rai, ta ba wata maƙwabciya mai zuwa Makka ta tsoma mata shi a ruwan zamzam. Tsofaffinmu mata suna iya barin zinarensu a ko'ina, amma ba sa raba gari da wannan ƙullin sai in tafiyar ta kwana kaɗan ce. Inda yake, nan ne gida.

Na ce masa ya tafi, ni zan kai.

Washegari na shiga mota da shi a kan cinyata. Yaron mota ya ce in kawo a sa a but, na yi masa kallon da bai sake magana ba. Na same ta a gonarta da hantsi, ta ɗaure zani a ƙirji, tana gyara wa ruwa hanya da wata 'yar fartanya. Ta yi baƙi, ta rame kaɗan, amma bayanta ya miƙe. Na durƙusa a kan kunya na gaishe ta. Ta wanke hannu a kanal ta goge a zani, ta karɓi ƙullin, ta duba ɗaurin ko an taɓa, ta ajiye shi a kan busasshiyar ciyawa.

Na yi niyyar in yi shiru, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Inna, da me na rage ki?"

Ta kalle ni. Ta ce, "Ba ka rage ni da komai ba. Ka riƙe ni da kyau har na manta ina da hannu."

Na ce, "In gona kike so, sai in haƙa miki rijiya a bayan gida."

Ta yi dariya, irin wadda take yi mini ina yaro in na ce zan kama kada. Ta ce, "Kai dai ba ka son a wuce ka. Tun kana goye haka kake." Sannan ta dafa kaina da hannunta mai sanyin ruwa. "Kai ne babba. Ran da aka kwance wannan, kai za ka shiga ramin ka karɓe ni, ba shi ba. Tashi ka ɗebi yakuwa ka kai wa matarka."

Na ɗiba. Me zan yi?

Ta ƙara shekaru masu dama a can, fiye da yadda na yi zato, kuma na san a ƙofar ɗakin nan nawa da ba ta kai haka ba. Sanin hakan bai rage mini komai ba. Na koma ni ne mai zuwa gaisuwar Sallah, ni ne mai sallama a ƙofar wani. Shi kuwa bai taɓa yi mini nasiha ba, bai taɓa tuna mini da komai ba, har yau in na shiga sai ya tashi ya ba ni tabarmarsa. Na nemi inda zan kama shi da laifi shekara da shekaru, ban samu ba, kuma wannan ma ina jin haushinsa.

Da ta rasu aka yi yadda ta ce. Ni na shiga, ni na karɓe ta, ni na juya fuskarta gabas. An binne ta a maƙabartar ƙauyen, a kan wani ɗan tudu da ke bayan gonakin, inda ake jin ƙarar ruwa in an buɗe ƙofa.

Yanzu mu duka mun tsufa. Karal ɗina gari ya cinye gefenta, sauran masu bulo ke haƙa. Shi jikokinsa ke noman, yana zuwa Garwa jefi-jefi ganin likitan ido, ya sauka a wurina. Muna zama lafiya, muna cin abinci a kwano ɗaya. Na yafe masa shinkafar, na yafe masa ginin da babur da kiran patron. Amma ni in ina son in tsaya a kan kabarin uwata sai na rufe rumfa, na je tasha, na jira mota ta cika. Shi kuwa cikin hira, yana tsame hannu daga miya, sai ya ce, "Jiya da safe na biya ta wurin Inna, ciyawa ta ɗan fito, na cire." Ba da wata manufa yake faɗa ba. Sai in ce masa Allah ya saka da alheri, in ture kwanon gabansa in ce na ƙoshi.